Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: A Buɗe Wa Masu Fama Da Raɗaɗi Kilinik Nasu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa, da shugabannin hukumomin kula da asibitoci, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo. Ni uwa ce mai 'ya'ya masu sikila, kuma malamar makaranta. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Akwai iyaye da masu jinya da zaman bencin asibiti ya mayar da mu 'yan uwa: masu 'ya'ya irin nawa, da masu jinyar ciwon daji a gida, da matan da ciwon baya ya zaunar da mazajensu, da 'ya'yan tsofaffin da gwiwa ta sa suke sallah a kan kujera. Su suka ce in rubuto muku, tunda ni ce mai riƙe alli a cikinmu.

Wasu matakai da hukumomi suka ɗauka su ne suka sa muka ga lokacin magana ya yi. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. A watan Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu haɗa magunguna suka rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano, domin a koma sabuwar kasuwa ta Dangwauro. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, har da gwajin jinin sikila. Duk muna goyon baya, domin mu muka fi kowa sanin abin da ake gudu. Sai dai dokar gwaji ta ɗan da ba a haifa ba ce, rufe shaguna kuwa na mai shaye-shaye ne. Wanda aka riga aka haifa, wanda ciwo ke nuƙurƙusa a yau, shi ne ba mu ji an ambata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Waɗanda suka rayu a cikinsu suna gidajenmu, kuma ba su kaɗai ke kwana da zugi ba.

Abin da muke nema shi ne kilinik na raɗaɗi, irin wanda mutum zai je a duba shi ya koma gida ba tare da an ba shi gado ba. Bari in faɗi yadda yake, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Yadda mai suga yake da ranarsa a asibiti, mai hawan jini yake da tasa, mai juna biyu take da ranar awo, haka wanda ciwo ya ƙi saki yake da ranarsa. Likitoci na ɗaukar duk zafin da ya haura wata uku a matsayin mai naci, kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ba shi sashe na kansa. A irin wannan kilinik zuwan farko yakan ɗauki lokaci. Ana zaunar da mutum a tambaye shi: ina ne ke ciwo, tun yaushe, suka yake yi ko ƙuna ko zugi, me ke tayar da shi, yana barin ka barci, kana iya fita nema? Ana ce masa ya ba zafin maki daga sifili zuwa goma, yaro kuma a nuna masa zanen fuskoki ya zaɓi wadda ta yi kama da yadda yake ji. Ana zazzage ledar magungunansa a kan tebur, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a ga wanne ke faɗa da wanne. Bayan haka sai a rubuta masa tsari guda a fayil guda.

Ba likita ɗaya ke riƙe wurin ba. Galibi likitan sa barci a tiyata ne ke jagoranci, domin kashe zafi sana'arsa ce, kuma shi ke yin allurar da ake kashe jijiyar da ke kai saƙon ciwo, ko ta cikin gaɓa, ko ta gadon baya. Tare da shi akwai nas da ta samu horo, wadda ita ce ke bin sawun marasa lafiya ta waya. Akwai mai haɗa magani, akwai likitan gashi (mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi), akwai masanin halayyar ɗan Adam, sannan a kira likitan jini ko na daji ko na ƙashi in buƙata ta taso. Wanda ya assasa wannan tsari wani likitan sa barci ne a Amurka, John Bonica. Ya yi jinyar sojojin da suka dawo da raunuka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga cewa likita ɗaya ba ya iya musu, sai ya riƙa tara abokan aikinsa suna zama a kan mara lafiya guda. A 1960 ya koma Jami'ar Washington da ke Siyatil, inda ya kafa kilinik a kan wannan tsari. Ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, kuma ya ƙare rayuwarsa da ciwon gaɓoɓi, don haka ba da ka yake magana ba. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne: asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashen kula da raɗaɗi da jinyar masu ciwon da ba ya warkewa, kuma likitocin ƙasar nan na da ƙungiyarsu ta nazarin zafin ciwo.

Yanzu ga kokenmu.

Na farko, a asibitocin da talakanmu ke zuwa, mai raɗaɗi wuri biyu kawai ya sani: kemis da ɗakin gaggawa. Tsakaninsu babu komai. Idan ciwon sikila ya fara taɓa yaro da hantsi, uwa ta san shi tun kafin ya yi magana, daga yadda yake riƙe ƙugu yana tafiya. A wannan lokacin ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi na 'yan sa'o'i na iya kwantar da shi ya kwana a gida. Amma ina za ta kai shi? Ranar kilinik ɗin jini ba ta zo ba, ɗakin gaggawa kuma cike yake da masu hatsari da masu zubar jini, kuma gaskiya ne sun fi shi kusa da mutuwa. Sai ta zauna tana gasa masa jiki da ruwan ɗumi har dare ya raba, ciwo ya kai inda ba makawa sai an kwantar. Abin da gadon wuni ɗaya zai kashe sai ya cinye mako guda a kwance, yaro ya rasa jarrabawa, uba ya rasa kasuwa, asibiti ya rasa gado. A Ingila ƙa'idar da aka kafa tun 2012 ita ce mai sikila ya samu maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa. A Kingiston ta Jamaika, sashen sikila ya daɗe yana karɓar irin waɗannan da rana ya sallame su da yamma.

Na biyu shi ne zargi, kuma shi ya fi ci mana rai. Wani dare cikin hunturu na kai babban ɗana wani asibiti, yana murƙususu a kan tabarmar da muka shimfiɗa a baranda. Tun yana ƙarami yake shan magani, ya san sunan kowanne da adadinsa kamar yadda ya san sunayen ƙannensa. Da aka zo kansa ya ce, cikin ladabi, an riga an ba shi diklofenak a gida bai yi ba, ya kuma faɗi wanda ya taɓa yi masa aiki. Ma'aikacin ya ɗago kai ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa abokin aikinsa, “Ka ji ɗan hannu, har suna ya sani.” Yaron ya juya fuska bango bai sake cewa uffan ba. Tun daga ranar, in ciwo ya taso sai ya ɓoye mana har sai mun ji nishinsa. Ban riƙe ma'aikacin a zuci ba. Ba shi da fayil ɗin yaron a gabansa, ba shi da wata takarda daga likitan da ya san shi, kuma ya sha ganin masu zuwa da ƙarya. Da akwai kilinik da ya rubuta wa yaron kati mai ɗauke da ciwonsa da maganin da ke yi masa da adadinsa da lambar wayar nas, da takarda ce za ta yi magana a madadinsa.

Na uku, rashin wannan wuri shi ne ke haifar da shaye-shayen da kuke yaƙi da shi, aƙalla a tsakanin marasa lafiya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan asibiti ne masu ƙarfi irin su tiramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Ba mu ce duk ciwo ne ya kai su ba. Amma mun san waɗanda ciwo ne ya kai. Allurar fenta, wato pentazocine mai kashe zafi, ita ce misali mafi kusa da mu. A asibiti ake fara yi wa mai sikila ita, ya ji sauƙin da bai taɓa ji ba, a sallame shi ba tare da wani tsari na gida ba. Ciwo ya dawo, ya tuna wahalar layi da kallon da aka yi masa, sai ya nemi wani a unguwa ya yi masa. Daga nan ya koyi yi wa kansa. Bayan shekara biyu ko uku cinyarsa ta taurare kamar itace, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, gyambo ya ɓarke a wuraren allura. Likitocin jini na ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce a kan wannan, ba sirri ba ne. Irin wannan yaro in ya je wurin masu gyaran hali sai a ce mara lafiya ne, in ya je asibiti a ce ɗan ƙwaya ne. Kilinik na raɗaɗi shi ne wurin da ake iya riƙe abu biyun tare, a rage masa allurar sannu a hankali, ana kuma maganin ciwon da ya jefa shi.

Tsofaffinmu kuma ta wata hanyar suke lalacewa. Mai ciwon gwiwa ko ƙugu yakan aika jika kemis a ƙullo masa “haɗi” a farar leda, ƙwaya huɗu ko biyar babu suna. Sau da yawa akwai maganin kumburi iri biyu a ciki, da ƙwayar nan mai sa ƙiba da kumburin fuska. Yana jin daɗinsa, ya miƙe ya je masallaci, sai ya mayar da shi abin kullum. Ƙarshenta gyambon ciki, ko suga ya hau, ko ƙoda ta gaza a koma neman kuɗin wanki. Ku kun fi mu sanin abin da wankin ƙoda ke ci a mako. Tsohon da aka zaunar aka duba ledarsa, aka koya masa motsa gwiwa da ƙarfafa cinya, aka ba shi sanda daidai tsayinsa, ba lallai ya kai can ba.

Na huɗu, masu ciwon daji da aka sallama. Kowa a cikinmu ya san jimlar nan: “Ku koma gida ku ci gaba da addu'a.” Wata maƙwabciyata da ciwon nono ya ci ƙarfinta haka aka ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mace ce mai kunya da ko dariya ba ta ɗaga murya, amma a watanninta na ƙarshe unguwa na jin ta, har 'ya'yanta ƙanana aka kwashe zuwa gidan kakarsu don kada su riƙa ji. Farasitamol ake ba ta. Ba wanda ya ce za a iya warkar da ita, amma akwai maganin da zai bar ta ta yi barci, ta yi sallah a natse, ta yi wa 'ya'yanta wasiyya da bakinta. Sunansa mofin, kuma yana cikin magunguna masu arha. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakala uku na maganin zafin ciwon daji: a fara da masu sauƙi irin farasitamol, in ba su yi ba a hau zuwa matsakaita irin kodin, in ba su yi ba a ba da mofin, ta baki, a kan lokaci, ba sai an jira mutum ya yi kururuwa ba. Duk da haka, wani babban kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya nuna a 2017 cewa abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatar masu matsanancin ciwo ba.

Za a ce ana tsoron ya faɗa hannun 'yan shaye-shaye. Tsoro ne mai dalili, amma akwai waɗanda suka riga mu magance shi. A Yuganda, tun da likita Anne Merriman ta kafa cibiyar jinya a Kampala a 1993, ake dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba a ba majinyaci ya kai gida, yana aunawa da sirinji marar allura yana ɗiga wa mara lafiya a baki duk bayan sa'a huɗu. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, domin likitoci ba sa isa ƙauyuka. Abin da ke tsare maganin shi ne kabad mai makulli, da rijistar da ake rubuta kowane cokali, da mutum guda da za a tambaya in lissafi bai cika ba. Waɗannan ba su fi ƙarfin kowace jiha ba.

Akwai kuma waɗanda ƙwaya ba ta ma isar musu, kuma su ne suka fi yawo tsakanin likitoci. Mai suga da tafin ƙafarsa ke ƙuna da dare ba maganin kumburi yake buƙata ba, na jijiya ne irin amitiriftilin ko gabafentin. Wanda aka yanke wa ƙafa yana jin zugi a yatsun da babu su, in ya faɗa sai a ce iska ce. Direban babbar mota mai ciwon baya gashi da gyaran zama sun fi masa allura. Saurayi mai sikila da kan ƙashin ƙugunsa ya mutu yana buƙatar wanda zai gane da wuri ya tura shi wurin likitan ƙashi. Kuma duk wanda ya shekara yana ciwo, ransa na ɓaci, barci na ƙaurace masa, aure na tsami. Mukan ce masa ya yi haƙuri, ciwo kaffara ne, kuma haka ne. Amma Annabi (SAW) ya ce bayin Allah su nemi magani, kuma mai yi masa magana ya koya masa yadda zai rayu da ciwon yana cikin maganin.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kowace jiha ta ware rana ɗaya a mako, a babban asibitinta, ta zama ranar kilinik na raɗaɗi. Ba mu ce a ba da kwangilar sabon gini ba, don Allah kada ma a fara ta nan. Ɗaki biyu da ake da su sun isa, da likita guda da aka ɗora wa alhakin wurin da sunansa, da nas biyu, da mai haɗa magani, da likitan gashi da zai riƙa zama a ranar. In abin ya zauna, a faɗaɗa zuwa manyan asibitocin shiyya, domin mai ciwon ƙugu daga ƙauye ba zai jure awa uku a motar haya kowane wata ba. Inda jiha ba ta da likitan sa barci da za ta iya warewa, a nemi haɗin kai da asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya da ke Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos da sauransu, su horar da likitocin da ake da su, su kuma karɓi masu buƙatar allurar jijiya.

A haɗa wa kilinik ɗin gadaje kaɗan na wuni, huɗu ko shida, masu aiki kullum daga safe zuwa yamma, domin masu sikila da ciwo ya fara taɓawa. A rubuta a bango lokacin da bai kamata mutum ya wuce ba a ba shi maganin zafi ba, kuma a riƙa auna ko ana cikawa. Kowane mai zuwa a kai a kai a ba shi katin tsarinsa, a kuma umarci ɗakunan gaggawa su girmama katin.

Ku nemi mofin na ruwa ta hannun ma'aikatar lafiya ta tarayya, ku tabbatar ba ya yankewa, domin yanke shi ga wanda ya fara sha azaba ce ta biyu. A ba da shi tare da maganin sassauta ciki, tunda yana ɗaure bayan gida. Ku zauna da NAFDAC da NDLEA tun farko a yarda da tsarin rijista, yadda mai haɗa magani ba zai ji tsoron ajiye shi ba, majinyaci kuma ba zai shiga uku a shingen bincike don an ga kwalba a jakarsa ba.

A sa makin zafi a takardar da nas ke rubuta zafin jiki da bugun jini, a kowane asibitin jiha. Wannan ba ya cin ko sisi. A kuma shigar da darasin kula da raɗaɗi a kwalejojin jinya da na kiwon lafiya da ke ƙarƙashinku.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi tanadi ga masu rauni, kuma jihohi na da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Muna roƙon a sa zuwa wannan kilinik, da gashi, da maganin zafi, da hydroxyurea mai rage yawan tashin sikila, cikin abin da tsarin ke biya. Iyalin da ke sayar da akuya duk hunturu su ne masu raunin da dokar ke nufi.

Ga yaranmu da fenta ta riga ta kama, a buɗe musu hanya ta cikin kilinik ɗin, tare da likitan ƙwaƙwalwa, ba tare da tozarci ba kuma ba tare da kiran jami'an tsaro ba.

Daga ƙarshe, in an buɗe a sanar. A faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu, a gaya wa limamai da fastoci da masu unguwanni, a ba da lambar waya da za a ɗauka in an kira. Sanyin hunturu shi ne lokacin da ciwon 'ya'yanmu ya fi tashi. Muna roƙon kowane kwamishina ya fito kafin hunturu mai zuwa ya faɗa mana asibitin da aka zaɓa a jiharsa, da ranar kilinik, da sunan likitan da aka damƙa wa wurin.

Allah ya ba ku ikon yi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taku,
wata uwa, a madadin iyaye da masu jinya.